Wannan Ba Dorina Ba Ce, Malam Edita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in yi gyara a kan labarin da kuka buga kwanakin baya, na kamfanin nan na ƙasar Sifaniya da ke neman izinin kiwon wata halittar teku mai hannu takwas a tsibiran Kanari, mallakar Sifaniya da ke cikin teku yamma da Maroko. Ɗana ne ya kawo mini a wayarsa, ya ce, "Baba, ga abin nan da kake ba mu labari." Ina ganin hoton sai da gabana ya faɗi, don na gane shi kamar yadda mutum ke gane maƙwabcin da suka daɗe da rabuwa. Amma da na duba rubutun da ke ƙasan hoton, sai na ga an sa "dorinar ruwa".

Ranka ya daɗe, wannan ba dorina ba ce. Ni Basarke ne, haifaffen Yauri, a bakin kogin Kwara na buɗe ido, kuma tun ban kai shekara goma ba nake riƙe wa mahaifina filafili. Na san dorina. Na san gurnaninta da daddare, na san yadda take fitowa ta share gonar shinkafa kafin gari ya waye, na taɓa ganin kwalekwalen da ta raba biyu da baki. Duk yaron da ya yi makarantar allo ma ya san bulalar da ake yi da fatarta. Wannan kuwa da kuka buga hotonsa ba shi da ƙashi ko ɗaya a jikinsa, akasarin waɗanda na kama ba su wuce kilo biyu ba, kuma ba ya rayuwa a ruwan daɗi, sai na gishiri. Bafaranshe na ce masa "poulpe", Wolof na Senegal na ce masa "yaranka". Mu da muka yi aikin kamunsa a Muritaniya, sunan da Japanawa masu saye suka bari a bakin kowa shi muke kira, wato "tako". Na yi shekara shida ina kama shi da hannuwan nan nawa, daga 2006 zuwa 2012, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ba kamun tako ya fitar da ni daga gida ba. Shekarar 2006 ita ce shekarar da samarin Afirka ta Yamma suka yi ta afka wa teku a kwalekwale suna neman tsibiran Kanari, sama da mutum dubu 30 suka isa a wannan shekarar kaɗai, waɗanda ruwa ya ci kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Ni ma na sayar da komata da inji na bi ta Yamai, Bamako, Nuwakshot, har Nuwadibu, garin da ke kan wani siririn harshen ƙasa a can arewacin Muritaniya, hamada a bayanka, teku a gabanka. Wani dillali ya karɓi kuɗina ya ce in jira dare uku. Ban sake ganinsa ba. A lokacin na yi kuka, yanzu kuwa kullum sai na gode wa Allah. Da yunwa ta matsa sai na gangara tashar ƙananan jirage, na ce ni ɗan masunta ne. Wani dattijo mutumin Njago, can kudu kusa da bakin kogin Senegal, ya kama tafin hannuna ya duba kanta, bai ce komai ba, ya nuna mini jirginsa da haɓa.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kayan aikin. Na duba cikin jirgin ban ga koma ba, ban ga mamari ba, ban ga gura ba, ko abin ɗana tarko babu. Tukwane ne kawai na baƙar roba, tsawon kowace bai kai kamu ɗaya ba, an zuba siminti a gindinta don ta nutse, an jera su hamsin hamsin ko fiye a jikin doguwar igiya. Ba murfi, ba ƙugiya, ba abinci a ciki. Na tambayi wani Bamale da ke jin ɗan Hausa, me zai sa dabba ta shiga tukunyar da babu komai a ciki, kuma me zai hana ta fita? Ya ce gida take nema. Ƙasan tekun wurin yashi ne shimfiɗe, duwatsun ɓuya ba su da yawa, shi kuwa tako jikinsa taushi ne da shi kamar hanta, kowane babban kifi na son cinsa. In ya samu rami mai duhu sai ya shige ya zauna. In ya ji ana jan tukunyar sama, maimakon ya gudu sai ya ƙara maƙalewa, don a saninsa cikin gida ne wurin tsira. Tun ranar wannan magana ta tsaya mini a rai. Duk kifin da na taɓa kamawa a Kwara kwaɗayi ne ya kawo shi ko tsautsayi. Wannan kuwa neman mafaka ne ke kawo shi hannunmu.

An ce wani ɗan Japan mai suna Nakamura ne ya kawo musu wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da mutanen ƙasar ba su ɗauki tako a bakin komai ba. Yau kuwa, bayan taman ƙarfen da dogon jirgin ƙasan nan ke jawowa daga Zuwerat, tafiyar kusan kilomita 700, da wuya ka sami abin da ke riƙe da Nuwadibu kamar tako. Tun 1984 gwamnati ta kafa kamfanin SMCP wanda ta hannunsa ake fitar da daskararren kaya zuwa waje, galibi Japan da Sifaniya da Italiya. A masana'antar ƙanƙara ana ware shi lamba lamba, T1 shi ne ƙato wanda ya haura kilo huɗu da rabi, ana sauka har ƙananan da ba su kai kilo ɗaya ba.

Ranar farko mun fita kafin asuba. Kada wanda ya ji an ce hamada ya zaci zafi, ruwan wurin sanyi ne da shi kamar na randa a tsakiyar hunturu, iskar arewa kuma ba ta hutawa. Muka wuce ta gaban matattun jiragen ruwa da suka yi tsatsa a cikin gaɓar, a lokacin sun kai ɗaruruwa, muka yi ta tafiya har ƙasa ta ɓace. Aka kama tutar igiya aka fara ja. Tukunya ta bakwai ko ta takwas da ta zo hannuna na ji ta da nauyi. Na leƙa, ban ga komai ba sai wani abu launin yashi. Na zura hannu kamar yadda na ga ana yi.

Malam Edita, na sha kama minjirya ta girgiza ni har kafaɗa, ƙayar kurungu ta sha huda mini yatsa, amma ban taɓa jin abu irin wannan ba. Hannun takon ɗaya ya fito a hankali, sanyi ƙalau, ya naɗe mini wuyan hannu, na biyu ya bi ta tsakanin yatsuna, na uku ya haura har gwiwar hannu. A ƙarƙashin kowane hannu akwai layi biyu na wasu 'yan ƙahonni masu tsotso, sak irin ƙahon wanzami, kuma kowane ɗaya aikinsa yake yi shi kaɗai, wannan na kamawa wancan na saki. Ba cizo yake ba, ba duka yake ba. Lalube yake, kamar makaho na shafa fuskar baƙo. Sannan kansa ya fito, ya ɗaga ido ya dube ni. Ƙwayar idon a kwance take kamar ta akuya. Kifi in ya dube ka ba ka jin an dube ka. Wannan kuwa na ji a jikina cewa ana kallona. Nan take launinsa ya juye daga na yashi ya koma ja wur kamar gauta, fatar ta yi ƙuraje ƙuraje, ya feso mini ruwa ta wani ɗan bututu da ke gefen wuyansa, baƙar tawada ta biyo baya ta ɓata mini riga. Na yi salati da ƙarfi. Dattijon ya matso ya ɓamɓare shi daga hannuna, ana jin ƙarar sakin ƙahonnin tas tas tas, ya soke shi da wuƙa tsakanin idanu biyu. Kafin ƙiftawar ido jan nan duk ya zube, ya koma fari fat, kamar an zare masa riga. Shatar ƙahonnin ta kwana biyu a hannuna.

Daga baya na saba, har na kai ina jan tukwane ɗaruruwa a yini. Amma sabo bai hana ni lura ba. Kifi in ya faɗo cikin jirgi tsalle yake yi ba kan gado har ya gaji. Tako ba ya tsalle. Lafewa yake yi ya ɗauki launin katakon, ya jira hankalinku ya koma kan igiya, sannan ya fara tafiya, kuma ba ya kuskuren hanya, gefen da ruwa yake can yake nufa. Na taɓa ganin wani da ya kusa kilo biyu ya bi ta wata 'yar kafa a jikin akwatin da muke zuba su, kafar da yatsuna uku ba za su shiga tare ba. Ya fara zura hannu ɗaya, ya bi da sauran, ya matse kan nan ya tsiyaye kamar kunu. Abu ɗaya ne mai tauri a jikinsa, wato bakinsa da ke tsakiyar hannuwan, mai kama da bakin aku, duk inda bakin nan ya wuce to sauran jiki ya wuce. Ina kallonsa har ya kai bakin jirgi ya sulale. Ban yi motsi ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

Wani ma'aikacin cibiyar binciken teku ta IMROP da ke nan Nuwadibu yakan zo tasha da ma'auni da littafi yana auna abin da aka kamo. Da ya ga ina yawan tambaya sai ya rinƙa tsayawa yana yi mini bayani. Shi ya buɗe ɗaya ya nuna mini zuciya uku, biyu na tura jini wajen numfashi, ɗaya na tura shi sauran jiki. Ya ce jinin shuɗi ne saboda sinadarin tagulla ne a cikinsa a maimakon ƙarfen da ke sa namu ja. Ya ce mafi yawan ƙwayoyin jijiyarsa, wajen kashi biyu cikin uku, a hannuwa suke ba a ka ba, kuma ƙahonnin nan ɗanɗano suke yi, wato ranar da ya naɗe mini hannu ɗanɗana ni yake. In hannu ya guntule wani na tsirowa, wannan kam na sha gani da idona, bakwai dogaye ɗaya ɗan ƙarami sabon fitowa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ya ce duk wannan hikima da Allah ya zuba masa, kwanansa a duniya shekara ɗaya ne zuwa biyu.

Ga dalilin gajartar kwanan, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana a shekarata ta biyu na jawo tukunya na ga an toshe bakinta da ɓawon kawa da 'yan duwatsu, an jera su tsaf kamar wanda ya yi wa ɗaki ƙyaure. Na kawar da su na leƙa. Daga saman tukunyar ta ciki wasu zarurruka ne farare ke reto, ɗaruruwa, kowane zare cike da ƙwai ƙanana da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kamar an rataye zangarniyar gero a rumbu. Uwar na ƙarƙashinsu. Ta rame, launinta ya koɗe ya zama toka toka, fatar ta saki. Ba ta yi ja ba, ba ta feso tawada ba, ba ta nemi hanyar gudu ba. Hannu biyu ta ɗaga ta rufe ƙwan, tana shafa su da bakin hannun a hankali, bututun nan na hura iska a banza yana neman ruwan da zai fesa musu. Dattijon ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, "Bahaushe, mai jego ce. Mayar da ita yadda ka same ta, kada ka jefa, sa hannu ka saukar." Na durƙusa a gefen jirgi na nutsa tukunyar har ruwa ya cika ta, sannan na saki igiyar kaɗan kaɗan.

A hanyar komawa ya yi mini bayani, mutumin cibiyar ma daga baya ya tabbatar. Macen tako sau ɗaya take haihuwa a rayuwarta. Takan zuba ƙwai dubu 100 har zuwa dubu 500, ta zauna a kansu wata ɗaya, wata biyu, ko fiye in ruwan ya yi sanyi, tana wanke su tana kore musu maƙiya, kuma duk tsawon wannan zama ba ta fita neman abinci. Jikinta take ci. In 'ya'yan suka ƙyanƙyashe suka bi ruwa, ita kuma sai ta mutu. Namijin ma ba ya daɗewa bayan barbara. Babu takon da ya taɓa ganin uwarsa, babu wanda aka koya wa komai, kowanne da kansa yake gano duniya.

Ba zan ɓoye maka ba, ba kowace mai jego na mayar ba. Dattijon ya kwanta ciwo ya koma garinsu, na koma jirgin wani matashi da bashin mai da na tukwane ya yi wa katutu. A wurinsa kilo kilo ne. Na sha fizgo uwa daga kan ƙwanta in kankare tukunyar da wuƙa in watsa a ruwa, don in ban yi ba wani zai hau gurbina gobe, ga iyali a Yauri na jiran abin da zan aiko. Ina neman gafarar Allah a kan wannan har yau. Doka ta hana kama wanda bai kai giram 500 ba, gwamnati kuma kan rufe kamun na wani lokaci a shekara don a bar su su hayayyafa, daga baya ma aka mayar da rufewar sau biyu. Amma doka na tudu, tukunya na tsakiyar teku. Mu Sarkawa ba baƙin wannan hikima ba ne, ai ruwan Matan Fada na Argungu ma hana shi ake yi sai ranar buki, kuma mun ga yadda taru mai ido kamar gidan sauro ya yi wa tafkin Kainji. A shekarar da na baro, 2012, aka yi sabuwar yarjejeniya da Tarayyar Turai wadda ta fitar da manyan jiragensu daga kamun tako aka bar wa 'yan ƙasa. Ranar an yi murna a tasha ƙwarai.

Sau ɗaya na haɗu da shi ba a matsayin mafarauci ba. Lokacin rufe kamu ne, ba aiki, na tafi wajen duwatsun Kansado, kusa da Nuwadibu, da la'asar, teku ya janye ya bar ruwa a kwarurruka. Na zauna a kan dutse ina alwala, ƙafata ɗaya a cikin ruwa, sai na ji an taɓa mini ɗan yatsa. Ɗan ƙarami ne, kansa bai fi ƙwan kaza ba, yana cikin wata tsaga, ƙofar cike da ɓawon ƙaguwar da ya ci. Na miƙa masa hannu. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan zoben azurfar da mahaifiyata ta ba ni, ya tsaya a nan, ya naɗe shi ya fara ja. Na ja kaɗan, ya ja. Na saki, ya sassauta, ya leƙo da ido ɗaya. Mun fi minti goma a haka, wasu inuwoyi masu duhu na bi ta jikinsa suna wucewa kamar gajimare. Da ruwa ya fara dawowa sai ya sake ni, ya jawo wani ɗan dutse ya rufe ƙofarsa. Na yi sallata a nan kan yashi, na daɗe zaune ban tashi ba.

Masu karatu za su tambaya ko ana ci. Ana ci, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ga aya ta 96 a Suratul Ma'ida, ga kuma hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Na ci, in bai dahu ba tauri ne da shi kamar ganda, in ya sha wuta kuwa ya fi tsokar kaza laushi. Ban ce a daina ci ba, ni da na ciyar da 'ya'yana da kuɗinsa. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Dattijon nan wuƙa ɗaya yake yi tsakanin idanu, shi ke nan. Wasu kuwa cikin buhu suke tara su da rai, su yi awa da awanni suna murƙususu a kan juna. Na ji an ce a 2022 Birtaniya ta sa tako cikin dokarta ta halittun da ke jin zafi. Duk wanda ya taɓa riƙe shi a hannu bai buƙaci majalisa ta gaya masa ba.

Game da kiwon da kuka ba da labari, wanda aka ce ana son a rinƙa fitar da wajen miliyan ɗaya a shekara, ga abin da na sani. A shekara shida ban taɓa jawo tukunya na tarar da manya biyu zaune lafiya a ciki ba. Kowa da ɗakinsa. In ka haɗa babba da ƙarami a wuri ɗaya, babban cinye ƙaramin yake yi. Kuma ba ciyawa yake ci ba, ƙaguwa ce da kawa da kifi, wato sai an kamo wani abin daga teku kafin a ciyar da shi. Halittar da ke son duhu da kaɗaici, a tara ta da yawa a kwarami ɗaya, ni dai raina bai kwanta da wannan ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ku daina sa masa sunan dorina. Yaron da ya karanta haka a Kano ko Damagaram, wanda bai taɓa ganin teku ba, zai tashi da hoto biyu a cakuɗe a kansa, bai san wannan ba bai san waccan ba. Ku rubuta "tako", ga shi ma kusa da takwas a baki, ko ku ce "mai hannu takwas", kowa zai gane. Da zan dawo gida na taho da tukunya ɗaya, har yanzu tana rataye a zaurena, a ciki nake ajiye ƙugiyoyi. In wakilinku ya biyo ta Yauri ranar kasuwa, ya tambayi Sarkawan bakin ruwa inda mai tukunyar Muritaniya yake. Zan nuna masa ita, in kuma yana da hali ya kwana, da sassafe sai mu shiga jirgi in kai shi inda zai hango dorina ta gaskiya.

Wassalam.

Naku,
Wani Basarke,
daga Yauri, Jihar Kebbi.